Hoto Ɗaya Ba Ya Yanke Hukunci Kan Ƙarin Ƙwaƙwalwa

Wanda aka cire wa ƙari a ƙwaƙwalwa, aka bi shi da gashi da magani, jinyarsa ba ta ƙarewa ranar sallama. Hotunan MRI da za a riƙa ɗauka daga baya suna cikin maganin, kuma ba a fahimtar kowanne sai an jera shi da wanda ya gabace shi. Shi ya sa likitoci ke ɗaukar na farko cikin kwana uku da tiyata, kafin raunin aikin ya fara haskawa kamar ragowar ƙari.

Tun 2005 ake yi wa mai glioblastoma, mafi muni a cikin irin waɗannan ƙari, gashi na mako shida tare da ƙwayar temozolomide. A watanni ukun farko bayan gashin, hoto na iya nuna wurin ya ƙara girma, alhali gashin ne ya raunata ƙananan jijiyoyin jini, ruwan allurar da ke haska hoton ya tsiyaya. Sau da yawa kumburin kan lafa da kansa. Don haka ƙa'idojin tantance irin waɗannan hotuna na 2010, da ake kira RANO, suka hana a ce ciwon ya ci gaba a makonni 12 na farko, sai in sabon tabo ya fito a wajen inda aka gasa, ko an ɗebi nama an tabbatar. Akwai kuma akasin haka: maganin bevacizumab yana rage wannan yoyon, hoto ya yi kyau, ƙarin kuwa yana yaɗuwa.

Za a ce MRI na da tsada, na'urorin ba su da yawa a garuruwanmu, jira kuma kasada ne. Gaskiya ne, amma dakatar da maganin da ke aiki, ko sake buɗe kan mutum a banza, ya fi hoto na biyu tsada. Jiran ma da sa ido ake yin sa: a maimaita hoton bayan 'yan makonni, a lura da ciwon kai, farfaɗiya da raunin gaɓa.

Saboda haka asibitoci su sanya kuɗin hotunan bibiya cikin lissafi tun farko. Masu dawowa daga jinya a Indiya ko Masar kuma su taho da faifan hotunansu da ranakun gashi, domin likitan gida ba zai iya kwatanta sabon hoto da takardar sakamako kaɗai ba.