Jama'ar Giyawa, Ku Leƙa Ajin 'Ya'yanku!

'Yan'uwa na Giyawa da Goronyo, na Wurno da Rabah, ku saurara! Yaron da ya gama firamare bara, yau yana ina? Yarinyar da ta gama aji shida, tana aji ko tana talla?

Daga shekara 12 zuwa 15, lokacin ƙaramar sakandare ke nan. A nan murya ke buɗewa, kunya ta shigo, yaro ya fara tambayar abin da ke bayan garinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne, kuma dole ne: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Haƙƙin 'ya'yanmu ne. Mu karɓa!

Amma wace irin makaranta? Wadda za ta buɗe wa yaro ido ya san duniya. Kada wani ya ce mana wannan baƙon abu ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya karɓi Bature Clapperton a 1824, ya yi ta yi masa tambayoyi kan ƙasashen Turai. Da baƙon ya dawo da littafin lissafi na Euclid cikin Larabci, Sarki ya zauna yana karantawa. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, da ya fito Kwalejin Katsina a 1931, makarantar Midil ta Sakkwato ya koma yana koyar da yara. Gadonmu ne wannan. Wa zai riƙe shi in mun saki?

Ba dogon bene ke gyara yaro ba. Malami ne, wanda ya san sunan kowane ɗalibi, ya san ranar da bai zo ba, ya biyo shi gida. Sai harshe: Hausa ta zauna daram, Larabci da Turanci su samu, Faransanci ma ya shigo. Konni ta Nijar tana nan bayan Illela, amma sau nawa ɗan kasuwarmu ke neman mai karanta masa takarda a bakin iyaka? Sai kuma darasin da ya taɓa ƙasa. Albasar fadamarmu tana kaiwa Legas, tana kaiwa Ghana. To, a sa yaro ya bi hanyarta a taswira, ya lissafa kuɗin buhu daga naira zuwa sefa. A kai shi madatsar ruwa ta Goronyo ya ga inda Rima ke taruwa, a gaya masa dalilin ambaliyar 2010. Yaron da ya gane wannan ba ya gyangyaɗi a aji.

Mun san halin rashin tsaro da gabashin Sakkwato ke ciki. Tsoro gaskiya ne. Amma yaron da ba ya aji, wa ke jiransa a waje? Kowa ya san amsa.

Saboda haka mu tashi! Uba, je ka gaida shugaban makaranta, ka tambaye shi malamai nawa ke zuwa. Uwa, ki sauke faranti daga kan 'yarki har a tashi makaranta. Alhaji mai fataucin albasa, ba da sa'a ɗaya, shiga aji ka ba yara labarin hanya. Ɗalibin jami'a, in ka zo hutu, tara ƙannenka ka koya musu kwamfuta ko da a wayarka ce. Liman, faɗa a huɗuba. Mai unguwa, ƙirga yaran unguwarka. Ku shiga kwamitin kula da makaranta. Ku rubuta wa ƙaramar hukuma, ku nemi malamin Faransanci da na kimiyya. In an yi shiru, ku sake rubutawa!

Ranar Litinin mai zuwa, ka riƙo hannun ɗanka, ki riƙo hannun 'yarki, mu haɗu a ƙofar makaranta.