Haƙƙin Ma'aikacin Gini da Ya Ji Rauni a Bakin Aiki

Zuwa ga Edita,

Aikin gini yana cikin sana'o'i mafi haɗari. Birkila kan faɗo daga saman bene, bulo kan danne ƙafar lebura, rodi kan huda hannu, ƙurar siminti kuma tana cin huhu sannu a hankali. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi, Legas, a watan Nuwamba 2021, ya hallaka mutum fiye da 40, akasarinsu masu aikin ginin.

Nijeriya tana da doka a kan wannan, wato Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa. Dokar ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun hukumar, ta kuma hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Ta shafi ma'aikacin dindindin da na wucin gadi da mai koyon sana'a, kuma ba sai an tabbatar da laifin ubangida ake biyan diyya ba. Hatsarin da ya auku a hanya, tsakanin gida da wurin aiki, shi ma yana ciki.

Daga asusun ake biyan kuɗin jinya da na kayan taimako irin su ƙafar roba. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan rai ya yi halinsa, matar mamacin da 'ya'yansa ake biya. Sai dai akwai wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da ubangida cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 da aukuwar hatsarin, sannan a nemi diyyar cikin shekara ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne, yawancin leburori da safe ake kwasarsu a bakin titi, da yamma a sallame su, babu takarda babu rajista. Ranar da tsautsayi ya faɗa, sai a kai mutum kemis, a danƙa masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta yafe wa kowa haƙƙin wani.

Ya kamata hukumomin da ke ba da izinin gini su riƙa neman shaidar rajista da NSITF kafin a aza tubali. Ƙungiyoyin magina su rubuta sunayen mambobinsu da wuraren da suke aiki, gidajen rediyo kuma su bayyana dokar da Hausa. Duk wanda ya zubar da guminsa a gini, haƙƙinsa ne a kula da shi da iyalinsa ranar da jikinsa ya gaza.

Daga wani mai karatu,
Kano.