Rancen Gyaran Gida Da Ba Ya Kaiwa Ga Mai Gidan Ƙasa

Kowace damina, da zarar watan Agusta ya kama, labarin ɗaya ne daga tsohon birnin Kano har zuwa Haɗeja: bango ya sha ruwa, soro ya rufta, an tono yara daga ƙarƙashin azara. Bayan kwanaki jami'an hukumar agajin gaggawa su iso da katifu da bandir-bandir na kwano, a ɗauki hoto, a watse. Ba mai tambayar abin da ya hana a kai kwanon nan tun watan Afrilu, lokacin da ginin yake tsaye, yaran kuma suna raye.

Gwamnati za ta ce ai tana da tsari. Haka ne, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, yana ba da rancen gyaran gida wanda aka tsara kan naira miliyan ɗaya. Sai dai ƙofarsa ɗaya ce: mutum ya zama mai zubi a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Biyan bashin ma daga albashi ake zarewa. A aikace ke nan, takardar albashi ce tikitin shiga. Ɗan dako ba shi da ita, haka ma matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu da kaskon ƙosai, alhali gidajensu ne ke faɗuwa.

Hankalin mahukunta ya fi karkata ga sabon gini, domin shi ake yanka wa kirtani. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da ginin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja. Madalla, amma talakan cikin birni yana da gidansa na gado. Abin da ya gagare shi shi ne daɓe, rufi, masai da magudanar ruwa.

Ƙaramin gyara ba abin rainawa ba ne. A shekarar 2000 jihar Coahuila ta ƙasar Meziko ta fara shirin Piso Firme, na maye daɓen ƙasa da na siminti a gidajen matalauta, kyauta. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa inda aka yi wa gida daɓe gaba ɗaya, gudawar ƙananan yara ta ragu da kashi 49 cikin 100, cututtukan tsutsar ciki da kashi 78.

Masu cewa kuɗin za su salwanta a hannun 'yan siyasa suna da hujja, tarihin rabon tallafi a ƙasar nan ya ba su ita. Amma a Coahuila ba a damƙa wa kowa kuɗi ba. Mota ce ke kawo kwaɓaɓɓen siminti har ƙofar gida, masu gida su daɓe da hannunsu. Sace buhun shinkafa abu ne mai sauƙi, daɓe kuwa yana nan a ɗaki, mai unguwa da mai bincike duk suna iya shiga su taka shi, su auna faɗinsa.