Ilmin Sararin Sama: Yadda Ake Auna Hasken Taurari

Tun zamanin dā masanan Girka suka kasa taurari daraja shida: mafiya haske su ne daraja ta 1, waɗanda ido ke hanga da ƙyar daraja ta 6. Abdurrahman al-Sufi ya gyara wannan lissafi cikin littafinsa na shekarar 964. A 1856 Norman Pogson, mutumin Ingila, ya ƙayyade cewa daraja ta 1 ta ninka ta 6 haske sau 100, watau kowace daraja ta fi mai bi mata sau biyu da rabi. Saboda haka gwargwadon ƙanƙantar lamba, gwargwadon yawan haske.

Mai duban kudu daga ƙasar Katagum a daren hunturu zai ga Shi'ira, wadda ta fi dukan taurarin dare haske, har lambarta ta gangara ƙasa da sifiri, -1.46. Suhailu ke bi mata, -0.74. Amma ido yana ruɗi. Hasken Shi'ira shekara 8.6 yake yi kafin ya iso duniya, na Suhailu kuwa kimanin 310. Da za a jera su nisa ɗaya, da Suhailu ta dusashe ta sarai.

Taurarin Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda manoma ke lissafin damina da su, suna tsakanin daraja ta 3 da ta 6. Irin waɗannan raunana fitilun lantarki na gari kamar Azare ke fara haɗiyewa. Yaron da bai taɓa ƙidaya su ba, yaya zai gaji lissafin kakanninsa?