Kiɗan da Ke Ratsa Bango

A watan jiya wani maƙwabcina ya yi mini sallama da hantsi. Aikin dare yake yi a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa, da safe kuma yake samun barci. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, don Allah a yi haƙuri, kiɗan nan ba ya barina in runtsa." Na yi mamaki, domin a ganina ban ƙure murya ba. Da na shiga ɗakinsa sai na gane: ba a jin waƙa ko kaɗan, dundum ɗin nan kawai ke dukan bango, sautin nan mai kauri da samari ke kira bes.

Dalilin a kimiyyance yake. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya kusa mita 7, don haka bulo da ƙofa ba sa tare shi kamar yadda suke tare siririyar murya. Kakanninmu sun san haka tun kafin zuwan lantarki, shi ya sa tambari ke sanar da gari tun daga fada.

Ɗakin kansa ma yana da hannu. A ɗakin da faɗinsa ya kai mita 3.5, sautin da ke kaɗawa kusan sau 49 a daƙiƙa yakan yi ta kai da komo tsakanin bango biyu har ya taru ya kumbura. Ga siminti, ga tayil, babu abin da zai shanye shi. Mu kuma sai mu cusa sifika a kusurwa, inda bango biyu da daɓe ke ƙara mata kauri. Sakamakon shi ne gurnani. Ka saka Mamman Shata, kalangun da ya kamata ka ji yana magana sai ya koma ruri.

Gyaran bai ci mini ko sisi ba. Na janye sifikokin daga kusurwa, na bar tazarar kamu biyu tsakaninsu da bango. Babbar da ke fitar da bes na ɗora ta a kan katako da soso mai kauri, don kada girgizarta ta bi daɓe. Na matsar da kujerata daga jikin bango, na rage maɓallin bes zuwa tsakiya. Labule da kafet suna rage amsa-kuwwa, amma bes sai abu mai kauri irin kujerun kushin. Ga mamakina, kiɗan ya fi daɗi, kowace ganga ta fito da muryarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙwabcin. Ma'aikatan Bompai da Sharaɗa da majemun Challawa suna wuni ko kwana cikin rugugin injuna, kuma masana lafiya sun nuna cewa ƙarar da ta kai desibel 85 tsawon awa 8 a kullum tana lalata ji sannu a hankali. Gida ne kaɗai inda kunnensu ke hutawa. Wanda bai yi barci ba kuwa, ya koma gaban inji yana gyangyaɗi, yatsunsa ne a cikin haɗari.

Akwai dokar taƙaita hayaniya ta 2009 da hukumar NESREA ke kula da ita, amma babu jami'in da zai shigo falonka ya matsar maka da sifika. Haƙƙin maƙwabtaka ne zai sa ka yi. Ka kunna na'urarka yadda ka saba, ka nemi izini ka shiga ɗakin maƙwabcinka ka saurara. Ni dai nawa maƙwabcin ya ce yanzu yana barci har azahar.