Binciken zamani kan cututtukan bijirewar garkuwar jiki

Cututtukan bijirewar garkuwar jiki rukuni ne na cututtuka sama da 80 waɗanda a cikinsu garkuwar jikin mutum take kasa bambanta nata da baƙo, sai ta juya tana yaƙar sassan jikin da ya kamata ta kare. Daga cikinsu akwai lupus, da amosanin gaɓɓai na rumatoyid, da cutar taurin fata da ake kira sikileroderma, da kumburin tsoka, da ciwon sukari nau'i na ɗaya, da cutar MS mai lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. An daɗe ana kula da waɗannan cututtuka ta hanyar danne garkuwar jiki da magunguna, sau da yawa har iya rayuwar majiyyaci. Daga shekarar 2021 zuwa yau, bincike ya karkata ga wata sabuwar manufa: yi wa garkuwar jiki garambawul sau ɗaya domin majiyyaci ya rayu ba tare da magani ba, ko kuma tare cutar tun kafin ta bayyana.

Girman matsalar

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a shekarar 2023, wanda ya duba bayanan lafiyar mutane kusan miliyan 22 a Birtaniya, ya gano cewa cututtuka 19 na wannan rukuni suna shafar kusan mutum ɗaya cikin goma, wato kashi 13 cikin ɗari na mata da kashi 7 cikin ɗari na maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 18 ne ke fama da amosanin rumatoyid a shekarar 2019, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. A lupus kuwa, tara cikin kowane majiyyata goma mata ne, yawancinsu a shekarun haihuwa. Cutar takan taɓa fata da gaɓɓai da jini da zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma idan ta kama ƙoda tana iya kai mutum ga wankin ƙoda ko mutuwa.

Tarihin magani a taƙaice

A shekarar 1948 likitan Amurka Philip Hench ya fara ba masu amosanin rumatoyid maganin kotizon, abin da ya ba shi lambar Nobel a 1950. Kotizon da danginsa suna kwantar da kumburi da sauri, amma dogon amfani da su yana kawo raunin ƙashi da hawan jini da ciwon sukari da saurin kamuwa da cututtuka. A shekarun 1980 maganin methotrexate ya zama ginshiƙin kula da rumatoyid. A farkon shekarun 1990 Marc Feldmann da Ravinder Maini na Cibiyar Kennedy da ke Landan suka nuna cewa toshe wani sinadarin kumburi mai suna TNF yana sauƙaƙa cutar ƙwarai, daga nan aka samu magunguna irin su infliximab da adalimumab.

Lupus ta fi wuyar sha'ani. Sai a 2011 aka amince da belimumab a Amurka, bayan an shafe sama da shekara 50 ba a samu sabon magani na musamman ga cutar ba. Voclosporin da anifrolumab sun biyo baya a 2021, sannan obinutuzumab na lupus ɗin ƙoda a 2025. Duk waɗannan magunguna suna rage ƙarfin cutar ne muddin ana shan su. Da zarar an daina, a mafi yawan lokuta cutar takan dawo.

Maganin CAR-T

Abin da ya fi jan hankali a wannan fage shi ne maganin CAR-T, wanda tun asali aka ƙirƙiro domin kansar jini. Garkuwar jiki tana da manyan mayaƙa iri biyu cikin fararen ƙwayoyin jini: ƙwayoyin B masu samar da antibodi, da ƙwayoyin T masu kashe ƙwayar da ta kamu da cuta ko ta lalace. A lupus, wasu ƙwayoyin B ne ke samar da antibodin da ke kai hari kan jikin mai su.

A wannan hanya ana tace ƙwayoyin T daga jinin majiyyaci, a kai su ɗakin gwaje-gwaje, a saka musu wata ƙwayar gado da za ta sa su gane alamar CD19 da ke jikin ƙwayoyin B. Bayan an hayayyafa su, sai a ba majiyyaci magungunan kansa guda biyu, fludarabine da cyclophosphamide, na 'yan kwanaki domin a buɗa wa sababbin ƙwayoyin wuri, sannan a mayar masa da su ta jijiya sau ɗaya. Ƙwayoyin sai su bazu cikin jiki suna farautar ƙwayoyin B.

A shekarar 2021 likitocin asibitin jami'ar Erlangen da ke Jamus, ƙarƙashin Georg Schett da Andreas Mackensen, suka gwada wannan hanya a kan wata matashiya mai shekara 20 wadda lupus ta kama mata ƙoda da zuciya da huhu, kuma magungunan da aka sani duk sun gaza. Cikin 'yan makonni antibodin da ke cutar da ita suka ɓace daga jininta, alamomin cutar suka kwanta, aka dakatar da sauran magungunanta. A 2022 tawagar ta ba da rahoton majiyyata biyar a mujallar Nature Medicine, dukkansu cutar ta lafa cikin wata uku. A watan Fabrairun 2024 suka wallafa sakamakon mutum 15 a mujallar likitanci ta New England: takwas masu lupus, huɗu masu sikileroderma, uku masu kumburin tsoka. Cutar ta lafa ga duk masu lupus ɗin, sauran ma sun samu sauƙi sosai, kuma dukkan 15 ɗin sun daina shan magungunan danne garkuwa.

Muhimmancin sakamakon yana ga abin da ya faru daga baya. Bayan kimanin kwana 110 ƙwayoyin B sun dawo, amma sababbi ne da ɓargo ya samar, kuma cutar ba ta dawo tare da su ba. Wannan ne ya sa masana suke kwatanta aikin da kashe kwamfuta a sake kunna ta. Akwai tsohon magani mai suna rituximab wanda shi ma ƙwayoyin B yake kashewa, amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka yi da shi a kan lupus ba su cimma burinsu ba. Bayanin da masana suke bayarwa shi ne rituximab yana share ƙwayoyin da ke yawo cikin jini ya bar waɗanda suka ɓuya cikin kaluluwa da sauran sassan jiki, su kuwa ƙwayoyin CAR-T rayayyu ne, suna bin su har maɓoyarsu. Haka kuma tsofaffin ƙwayoyin da ke cikin ɓargo masu riƙe da kariyar rigakafin da aka yi wa mutum tun yana yaro ba su da alamar CD19, don haka yawancin wannan kariya tana nan.

Iyakokin sakamakon da haɗurra

Rahotannin Erlangen na farko sun shafi mutane ƙalilan ne da aka zaɓa, kuma babu rukunin kwatance da aka ba wani magani daban. Saboda haka ba za a iya raba tasirin ƙwayoyin CAR-T da na magungunan kansar da ake bayarwa kafin su ba, sai ta manyan gwaje-gwajen da kamfanonin magunguna suke gudanarwa yanzu. Tawagar ta kuma ba da rahoton wani majiyyaci mai kumburin tsoka da cutarsa ta dawo, har aka sake yi masa magani da wasu ƙwayoyin CAR-T masu farautar wata alama daban mai suna BCMA.

Maganin yana da haɗari. Goma daga cikin mutum 15 ɗin sun yi zazzaɓi mai sauƙi sakamakon tunzurar garkuwar jiki, wanda a masu kansa yakan yi tsanani har ya kai ga ɗakin kulawa ta musamman. Cyclophosphamide yana iya taɓa haihuwa, abin damuwa ga cutar da ta fi kama 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya. A watan Janairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta umarci masu sarrafa CAR-T da su sa gargaɗi mai ƙarfi game da yiwuwar kamuwa da kansar ƙwayoyin T, bayan an samu wasu 'yan rahotanni daga masu kansa. Haɗarin da mai kansar da ta gagari magani zai yarda ya ɗauka ya bambanta da na mai cutar da za a iya rayuwa da ita shekaru da dama, shi ya sa ake keɓe maganin ga waɗanda cutarsu ta yi tsanani.

Sai batun kuɗi. Kymriah, maganin CAR-T na farko da aka amince da shi a Amurka a 2017, ya shiga kasuwa a kan dala 475,000, ban da kuɗin asibiti. Tsadar ta samo asali ne daga yadda ake haɗa wa kowane majiyyaci nasa daban.

Ƙoƙarin sauƙaƙa hanyar

Ana bin hanyoyi uku domin rage tsada da wahala. Ta farko ita ce amfani da ƙwayoyin T na mai ba da gudummawa lafiyayye, waɗanda aka gyara da fasahar CRISPR domin kada jikin majiyyaci ya ƙi su. A 2024 tawagar Xu Huji da ke Shanghai a ƙasar Sin ta ba da rahoton mutum uku da aka yi wa haka, biyu masu sikileroderma, ɗaya mai kumburin tsoka, kuma duk sun samu sauƙi. Ta biyu ita ce antibodi mai hannu biyu, wanda ke kama ƙwayar T da hannu ɗaya da ƙwayar B da ɗayan, ya haɗa su. A 2024 aka gwada blinatumomab a kan masu rumatoyid shida a Erlangen, aka kuma gwada teclistamab a kan lupus a asibitin Charité da ke Berlin. Ta uku ita ce allurar da za ta sauya ƙwayoyin T a cikin jikin majiyyaci kai tsaye. A 2025 kamfanin AbbVie ya sanar da sayen kamfanin Capstan, mai aiki a wannan fanni, a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan 2.1.

Tare cuta kafin ta bayyana

Antibodin rumatoyid sukan bayyana cikin jini shekaru kafin gaɓɓai su kumbura. A gwajin APIPPRA da Andrew Cope na Kwalejin King's da ke Landan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2024, an raba mutum 213 masu wannan alama gida biyu. Bayan shekara ɗaya, kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka ba abatacept ne suka kamu da cutar, a ɗaya rukunin kuwa kashi 29. Shekara ɗaya bayan dakatar da maganin tazarar ta ragu zuwa kashi 25 da kashi 37, abin da ke nuna cewa ga mutane da yawa jinkirta cutar aka yi. Haka teplizumab, da aka amince da shi a Amurka a Nuwamban 2022, yana jinkirta ciwon sukari nau'i na ɗaya da kimanin shekara biyu.

Binciken musabbabi

A watan Oktoban 2025 aka ba Shimon Sakaguchi na Japan da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka lambar Nobel ta likitanci. Sakaguchi ya gano a 1995 wasu ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda aikinsu shi ne hana sauran ƙwayoyin garkuwa kai wa jiki hari. Brunkow da Ramsdell kuma sun gano a 2001 ƙwayar gado ta FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke sarrafa waɗannan ƙwayoyi. Ana gwajin hayayyafa su a matsayin magani.

A 2022 masu bincike na jami'ar Harvard, bayan nazarin bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, sun nuna cewa kamuwa da bairas ɗin Epstein-Barr yana ninka haɗarin cutar MS sau 32. Wannan bairas yana zaune cikin ƙwayoyin B na mafi yawan manya a duniya, kuma an daɗe ana danganta shi da lupus. A 2024 tawagar Howard Chang ta jami'ar Stanford ta nuna cewa sinadarin Xist, wanda ke rufe ɗaya daga cikin kuromosom X biyu na mace, yana haɗuwa da wasu furotin da garkuwar jiki kan kai wa hari, abin da zai iya zama ɗaya daga dalilan da suka sa mata suka fi kamuwa.

Halin da ake ciki a Afirka

A 1968 Brian Greenwood ya ruwaito cewa waɗannan cututtuka ba su da yawa a tsakanin majiyyatan asibitin koyarwa na Ibadan, ya kuma yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsin ciki suna ba da wata kariya. An daɗe ana riƙe da ra'ayin cewa lupus ba ta da yawa a Afirka ta Yamma, duk da cewa a Amurka da Birtaniya ta fi yawa kuma ta fi tsanani ga baƙaƙen fata. Rahotannin baya-bayan nan, musamman na Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas, sun nuna cewa cutar tana nan, ƙarancin gano ta ne ya ɓoye ta. Zazzaɓi da ciwon gaɓɓai da kasala sukan sa a ɗauke ta a matsayin maleriya ko taifot ko sanyi, majiyyaci ya yi ta shan magani har ƙoda ta taɓu.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka shafi yankin kai tsaye. Wasu nau'o'in ƙwayar gado ta APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma, suna ƙara haɗarin mutuwar ƙoda ga mai lupus. Magungunan toshe TNF kuma suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, don haka wajibi ne a yi gwajinsa kafin a fara su.

CAR-T yana buƙatar ɗakin sarrafa ƙwayoyi da ɗakin kulawa ta musamman da ƙwararrun likitocin jini, abubuwan da suka yi ƙaranci a yawancin asibitocin nahiyar, inda likitocin amosani ma ƙalilan ne kuma sun taru a manyan birane. Abin da ke ceton rai a halin yanzu shi ne gano cutar da wuri, da gwajin fitsari domin duba lafiyar ƙoda, da samun magunguna masu araha kamar methotrexate da hydroxychloroquine, wanda asalinsa maganin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ƙa'idojin likitanci na duniya suna ba da shawarar ba kusan duk mai lupus shi.