Laifin Na'ura Ko Na Mutum?

Idan jirgin ƙasa ya hau hanyar da ba tasa ba, akan zargi na'ura. A ganina, 'yan'uwa, yawanci sakacin mutum ne. Ku dubi abin da ya auku a tashar Abermule, ƙasar Wales, cikin 1921. Hanya guda ce, ba a shigarta sai direba na riƙe da ƙarfen izini mai sunan zangon da zai bi. Ma'aikata suka mayar wa wani direba ƙarfen zangon da ya riga ya wuce, ya karɓa bai duba ba. Ya yi karo da wani jirgi, mutum 17 suka halaka, alhali sunan zangon na rubuce jikin ƙarfen. Saboda haka duk wanda aka danƙa wa rayukan mutane, kada sabo ya hana shi dubawa.